Carl Linnaeus: Mutumin da ya ƙirga haƙora, ya raba dabbobin duniya gida shida

A shekarar 1732 wani saurayi ɗan ƙasar Suwidin yana cikin tafiya a yankin Lapland, can ƙuryar arewacin Turai, sai ya ga muƙamuƙin mataccen doki yashe a bakin hanya. Ya tsaya yana duba haƙoran da ke jikinsa. Masu rubuta tarihinsa sun ce a nan tunani ya zo masa cewa da zai san yawan haƙoran kowace dabba da irinsu, ya kuma san yawan nonuwanta da inda suke a jikinta, da zai iya tsara dukkan dabbobi masu ƙafa huɗu, kowace a gidanta.

Sunan saurayin Carl Linnaeus, shekarunsa 25 a lokacin. Duk ɗalibin da aka taɓa sa shi ya haddace cewa akwai dabbobi masu shayarwa, da tsuntsaye, da kifaye, da ƙwari, to gadon wannan mutum yake ci. Sai dai tarihinsa yana da fuska biyu. Inda ya dogara da abin da ya gani ya ƙirga, aikinsa ya kai yau. Inda ya dogara da jita-jita, musamman a kan mutanen Afirka, ya bar tabon da har gobe ake magana a kai.

Ɗan limamin da malamai suka fid da rai a kansa

An haifi Linnaeus ranar 23 ga Mayu, 1707 a ƙauyen Råshult da ke lardin Småland a kudancin Suwidin. Mahaifinsa Nils limamin coci ne mai son lambu, kuma shi ya ƙirƙiro wa gidan sunan Linnaeus daga wata babbar bishiya da ke filin danginsu. Burin iyayen shi ne yaron ya gaji mahaifinsa a aikin coci.

Aka kai shi makaranta a garin Växjö, amma hankalinsa yana daji wajen furanni. Darussan addini da na harsuna da ake bukata ga mai son zama limami ba su shige shi ba, har malamansa suka shaida wa mahaifin cewa yaron ba na karatu ba ne. An ce shawarar da aka ba shi ita ce ya kai shi koyon sana'ar hannu.

Wani likita mai suna Johan Rothman ne ya ga abin da sauran ba su gani ba. Ya ɗauke shi zuwa gidansa, ya koya masa yadda jikin mutum yake aiki da kuma ilmin tsirrai, wanda a wancan zamani ɓangare ne na karatun likita, tunda daga tsirrai ake samun yawancin magunguna.

A 1727 ya shiga Jami'ar Lund, bayan shekara guda ya koma Jami'ar Uppsala. Talauci ya matsa masa a can, har ana ba da labarin yana cusa takarda a takalminsa don toshe huda. Sauƙi ya zo ne a 1729, lokacin da wani farfesan addini mai suna Olof Celsius ya gamu da shi a lambun jami'a, ya ga yadda ya san tsirrai, ya ba shi masauki da damar shiga ɗakin littattafansa. Zuwa 1730, yana ɗalibi, an fara ba shi aji yana koyarwa.

A Uppsala ya samu aboki mai suna Peter Artedi. Su biyun suka raba halittu a tsakaninsu: Artedi ya ɗauki kifaye da dangin kwaɗi da macizai, Linnaeus ya ɗauki tsuntsaye da ƙwari da mafi yawan tsirrai. Suka kuma yi alƙawarin cewa duk wanda ya riga mutuwa, ɗayan zai fitar da aikinsa.

Matsalar da ya tarar

Kafin Linnaeus an yi ta ƙoƙarin rarraba dabbobi. Aristotle na Girka ya raba su gida biyu, masu jini da marasa jini. Malamin Basra Al-Jahiz, a littafinsa Kitab al-Hayawan na ƙarni na tara, ya duba yadda suke motsi: masu tafiya, masu tashi, masu iyo da masu jan ciki. Baturen Ingila John Ray, a ƙarshen ƙarni na 17, ya yi amfani da kofato da farce da haƙora.

Amma a zamanin Linnaeus jiragen ruwan Turawa suna ta dawowa daga Asiya da Afirka da Amurka ɗauke da fatu da ƙasusuwa da busassun tsirrai da ba a taɓa gani ba. Kowane masani yana raɗa wa abu sunan da ya ga dama, wani sunan ma jimla ce mai tsawo ta Latin. Mutum biyu sai su yi ta musu a kan dabba ɗaya, kowa yana zaton wata daban yake nufi. Ga kuma tatsuniya da ta cakuɗe da gaskiya, littattafai cike da dodanni da ba wanda ya taɓa riƙe su a hannu.

Tafiyar Lapland, wadda ta ɗauke shi daga Mayu zuwa Oktoban 1732, ya yi sama da kilomita 2,000 a ƙasa da kan doki da cikin kwalekwale, ita ta fara fito da sunansa. Bayan haka ya je garin Falun, ya ga Sara Elisabeth Moraea, 'yar likitan garin, ya nemi aurenta. Sai da aka jira ya samo digirin likita da abin riƙe iyali, don haka a 1735 ya kama hanyar ƙasar Holan.

Maciji mai kai bakwai

A kan hanya ya ya da zango a Hamburg ta Jamus. Magajin garin yana da wani busasshen dodo, wai maciji mai kai bakwai, yana jiran wanda zai saya da tsada. Linnaeus ya duba, ya gane cewa muƙamuƙai da faratan wata ƙaramar dabba mai kama da tunku aka harhaɗa, aka lulluɓe da fatar macizai. Bai yi shiru ba, ya fasa ƙwai. Darajar dodo ta faɗi, shi kuma ya tattara nasa ya nasa ya bar garin cikin gaggawa.

A Jami'ar Harderwijk ya karɓi digirinsa cikin ƙasa da mako biyu, domin ya zo da rubutaccen bincikensa tun daga gida. Binciken a kan zazzaɓin da muke kira na cizon sauro ne, kuma ya ɗora laifin a kan yumɓun da ke cikin ruwan sha. Ya yi kuskure, don sai a ƙarshen ƙarni na 19 aka tabbatar sauro ne ke yaɗa cutar.

A wannan shekara ta 1735, a birnin Leiden, wasu masu hali biyu, Jan Frederik Gronovius da Isaac Lawson, suka biya kuɗin buga masa littafin Systema Naturae, wato tsarin halitta. Manyan shafuka ne goma sha 'yan kai, an ja layuka kamar jadawali. Ya raba halitta masarauta uku: dabbobi, tsirrai da ma'adinai. Kowace masarauta ya raba ta aji-aji, aji ya kasu rukuni-rukuni, rukuni ya kasu dangi-dangi, dangi kuma nau'i-nau'i, kamar yadda ƙasa take kasuwa zuwa jiha da ƙaramar hukuma da gunduma da unguwa. Dodannin da bai yarda da su ba ya ware musu wani lungu na daban, daga baya ya share lungun gaba ɗaya.

Murna ba ta daɗe ba. A watan Satumba na shekarar, Artedi ya faɗa wata magudanar ruwa a Amsterdam da dare, ya nutse. Linnaeus ya cika alƙawari, ya nemo takardun abokinsa, ya buga littafinsa na kifaye a 1738.

Ya yi kusan shekara uku a Holan, mafi yawa a gidan attajiri George Clifford, ɗaya daga cikin shugabannin kamfanin Holan mai fatauci a gabashin Asiya, yana kula da lambunsa. Ya leƙa Ingila da Faransa, ya koma gida a 1738, kuma daga nan bai sake fita Suwidin ba har ya mutu. Ya buɗe wurin duba marasa lafiya a Stockholm, ya yi aure a 1739, ya zama farfesa a Uppsala a 1741.

Gida shida

Linnaeus ya ci gaba da gyara littafin nan yana faɗaɗa shi. Bugu na goma, wanda ya fito a 1758, shi ne mafi muhimmanci. Ya ƙunshi nau'in dabbobi kimanin 4,400, kuma har yau daga shi masana ke fara lissafin sunayen dabbobi na kimiyya.

Ma'auninsa na farko shi ne zuciya da jini. Dabbar da zuciyarta ke da ɗaki huɗu, jininta ja ne mai ɗumi, in tana haihuwa tana shayarwa, ta shiga aji na ɗaya. In ƙwai take yi, tsuntsu ce, aji na biyu.

Masu jan jini mai sanyi su ma gida biyu ne. Masu numfashi da huhu, kamar kwaɗo, ƙadangare, kada, kunkuru da maciji, ya tara su a aji na uku, ya kira su Amphibia. Masu shaƙar iska daga cikin ruwa ta gefen kai su ne kifaye, aji na huɗu.

Sauran, waɗanda ba su da jan jini, in suna da siraran ƙahonnin nan biyu na laluben hanya a ka, ƙwari ne, aji na biyar. Duk abin da ya rage, daga tana da matsattsaku zuwa dodon koɗi da halittun ƙarƙashin teku, ya zuba su a aji na shida, na tsutsotsi.

A cikin kowane aji kuma ya zaɓi gaɓar da za a duba. Tsuntsaye, baki da ƙafa: masu lanƙwasasshen baki da farce irin shaho da ungulu da mujiya gida ɗaya, masu ƙafar iyo irin agwagwa gida ɗaya, masu dogayen ƙafafu irin zalɓe da jimina gida ɗaya, kaza da zabo da ɗawisu da talo-talo gida ɗaya. Kifaye, inda fiffiken ciki yake. Ƙwari, fuka-fuki: masu biyu irin ƙuda da sauro, masu huɗu irin ƙudan zuma da rina, masu taurin fiffike irin buzuzu, sai marasa fiffike, inda ya haɗa kwarkwata da ƙuma da gizo-gizo da kunama da ƙaguwa.

Masu shayarwa kuwa, ya koma ga muƙamuƙin dokin nan. Duk wanda ya taɓa ganin dillali a kara ya buɗe bakin rago zai gane hikimar: haƙori abu ne da ake gani, ake ƙirgawa, kuma yana nan ko bayan dabba ta mutu. Raƙumi da saniya da akuya da tunkiya, masu tuƙa, ya haɗa su gida ɗaya bisa rashin cikakken jerin haƙoran gaba a sama. Masu fiƙa irin kare da kyanwa da zaki gida ɗaya. Masu gurgura da haƙora biyu sama biyu ƙasa, irin ɓera da zomo da kurege da beguwa, gida ɗaya.

Kifin da ba kifi ba

A bugun farko ya bi abokinsa Artedi, ya sa wel, ƙatuwar dabbar nan ta teku, a cikin kifaye. A 1758 ya fitar da ita. Hujjarsa: tana da huhu, jininta mai ɗumi ne, zuciyarta mai ɗaki huɗu ce, tana haihuwa, tana ba ɗanta nono. Zama cikin ruwa bai mai da ita kifi ba. Haka jemage, da yara ke musu ko tsuntsu ne ko ɓera: yana da gashi da haƙora, yana shayarwa, don haka tashi sama bai mai da shi tsuntsu ba.

A wannan bugu ne ya daina kiran ajin masu ƙafa huɗu, ya raɗa masa Mammalia, daga kalmar Latin mai nufin nono. Wasu masana tarihi suna ganin zaɓen sunan yana da alaƙa da wani yaƙi da ya yi a matsayinsa na likita, domin a 1752 ya yi rubutu yana sukar al'adar matan masu kuɗi ta miƙa jarirai ga wasu mata su shayar.

Abu na biyu da ya tabbata a bugun shi ne suna mai kalma biyu, na dangi da na nau'i, kamar yadda ya riga ya yi wa tsirrai a littafin Species Plantarum na 1753. Raƙumi mai tozo ɗaya Camelus dromedarius, akuya Capra hircus, jaki Equus asinus, jimina Struthio camelus, ƙudan zuma Apis mellifera. Ko tsamiya da kuka shi ya raɗa musu Tamarindus indica da Adansonia digitata, ta biyun don girmama Michel Adanson, Bafaranshen da ya yi bincike a Senegal. Da wannan ne likitan dabbobi a Zariya da takwaransa na Tokyo za su san abu ɗaya suke nufi.

Ma'aunin nasa bai hana shi tuntuɓe ba. Ya sa karkanda a gidan ɓera da zomo saboda haƙoran gaba. Ya sa kura a dangin kare, alhali binciken baya ya nuna ta fi kusa da kyanwa. Raƙumin dawa ya jera shi da barewar Turai. Kifin shak ya kai shi ajin kwaɗi. Dorina ya haɗa ta da doki, yau kuma binciken ƙwayoyin gado ya nuna a cikin dabbobin da ke raye babu wadda ta fi ta kusa da wel.

Da ya zo kan ɗan Adam

Tun 1735 ya sa mutum a cikin jadawalin dabbobi, gida ɗaya da birai. A 1758 ya kira gidan Primates, ya raɗa wa mutum Homo sapiens. Malaman addini da wasu masana suka yi masa ca. Shi kuwa Kirista ne mai riƙo da addini, yana ganin aikinsa bayyana tsarin Mahalicci ne, kuma bai musa cewa mutum yana da hankali da ruhi ba. A wata wasiƙa da ya aika wa Johann Georg Gmelin a 1747, ya nuna cewa in dai ginin jiki kaɗai za a duba, bai samu bambancin da zai sa a ware mutum a gida na daban ba.

Inda ya kauce wa ƙa'idarsa shi ne wajen raba mutane. Ya kasa su huɗu bisa nahiya da launin fata: Turawa, 'yan asalin Amurka, mutanen Asiya da mutanen Afirka. A bugu na goma ya ƙara wa kowa halaye. Turawa ya ba su kaifin basira da bin doka. 'Yan Afirka ya jingina musu lalaci da sakaci da wayo, ya ce son rai ke jan ragamarsu.

Mutumin da ya tona asirin dodon Hamburg saboda ya duba da idonsa, bai taɓa taka Afirka ba. Babu haƙorin da ya ƙirga, babu gaɓar da ya auna da za ta nuna lalaci. Labaran matafiya da tsohon ra'ayin likitocin Girka game da ɗabi'un jiki ya kwaso, ya zuba a littafin da duniya ta ɗauka a matsayin kimiyya, a daidai lokacin da cinikin bayi ta tekun Atlantika ke kan ganiyarsa. Waɗanda suka zo bayansa suna neman hujjar fifita wani jinsi a kan wani sun samu tubalin gini a nan. Ƙungiyar Linnean Society ta Landan, mai ajiye da kayansa, ta fito fili ta amince da wannan ɓangare na tarihinsa. Kimiyyar yau ta tabbatar cewa mutane duka nau'i ɗaya ne, kuma launin fata ba ya nuna hali ko basira.

Ɗaliban da ba su dawo ba

Tunda shi ba ya fita, ɗalibansa ne idanunsa. Ya tura su 17 zuwa sassan duniya, bakwai ba su dawo ba. Christopher Tärnström ya mutu a 1746 a wani tsibiri da ke gaɓar Vietnam ta yau. Fredrik Hasselquist ya zagaya Masar da Falasɗinu, ya mutu kusa da Izmir a 1752. Pehr Löfling ya mutu a Venezuela a 1756. Pehr Forsskål, wanda ya rubuta sunayen Larabci na tsirrai da kifayen Bahar Maliya, zazzaɓi ya kashe shi a Yarim ta Yemen a 1763. Andreas Berlin ya mutu a gaɓar Gini a 1773. Daga cikin waɗanda suka tsira akwai Daniel Solander, wanda ya bi jirgin Kyaftin James Cook ya zagaya duniya.

Linnaeus mutum ne mai son yabo, ba ya kuma mance wanda ya soke shi. Johann Siegesbeck, wanda ya ce tsarinsa na raba tsirrai bisa gaɓoɓin haihuwa rashin kunya ne, ya tashi da sunansa a kan wata ciyawa marar daraja, Sigesbeckia, kuma har yau sunanta ke nan.

Ƙarshensa da abin da ya bari

A 1761 aka ba shi sarauta, ya zama Carl von Linné. Shanyewar ɓarin jiki ta same shi a 1774, ta sake dawowa a 1776, har mantuwa ta ci ƙarfinsa, ya kasa gane littattafan da ya rubuta da hannunsa. Ya mutu ranar 10 ga Janairu, 1778 yana da shekara 70, aka binne shi a babban cocin Uppsala.

Ɗansa Carl, wanda ya gaje kujerarsa, ya mutu a 1783. Matar Linnaeus ta sayar da tarin kayansa ga wani matashi ɗan Ingila, James Edward Smith, a kan gini 1,000 na kuɗin Ingila na lokacin. A ciki akwai busassun tsirrai kimanin 14,000, da ƙwari sama da 3,000, da littattafai da wasiƙu. Smith ya kafa Linnean Society a 1788. A zauren wannan ƙungiya ne aka karanta takardun Charles Darwin da Alfred Russel Wallace a kan sauyawar halittu ranar 1 ga Yuli, 1858, shekara 100 cif bayan bugu na goma.

Gidaje shidan ba su tsaya yadda ya bar su ba. Masanan Faransa, irin su Lamarck da Cuvier, sun wargaza ajin tsutsotsi zuwa gidaje da yawa, aka fitar da gizo-gizo da ƙaguwa daga cikin ƙwari, aka raba kwaɗi da masu jan ciki, aka mai da shak cikin kifaye. Daga nan aka samu rabon da ake koyarwa a makarantu yau: masu ƙashin baya, wato masu shayarwa, tsuntsaye, masu jan ciki, dangin kwaɗi da kifaye, sai marasa ƙashin baya, waɗanda su ne mafi yawa nesa ba kusa ba. Yanzu kuma ƙwayoyin gado ake dubawa tare da ginin jiki, har an gano kada ya fi kusa da tsuntsu a kan ƙadangare.

Nau'o'in dabbobin da aka raɗa wa suna zuwa yau sun haura miliyan ɗaya, kuma kowane sabo da aka gano, kalma biyu ake ba shi kamar yadda Linnaeus ya tsara. Idan ka ga harafin L. a ƙarshen sunan wani tsiro a kwalin magani ko a littafin aikin gona, shi ake nufi.